Yadda ake tantance tsohon kwabo ko sulen da tsatsa ta ci

Idan ana rushe tsohon gida a Aboabo ko Sabon Zongo, ko ana tonon harsashi a Asawase, ko an buɗe adakar wata tsohuwa za a raba gado, ba a rasa cin karo da 'yan sulallan da: kwabo mai huda da ya yi kore, sule da ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci babbar dala mai hoton mace. Kumasi gari ne na fatauci, kuɗin goro ya ratsa gidajen Zongo shekara da shekaru, don haka irin wannan tsintuwa ba baƙuwa ba ce. Abin da ke ɓata ta shi ne gaggawa. Hannu yakan kai ga lemon tsami da toka ko man goge ƙarfe na Brasso tun kafin a san mene ne a hannun, garin neman gira a rasa ido. Sulen da aka goge ya yi ƙyalli, a wurin masu tara tsofaffin kuɗi darajarsa ta faɗi, kuma ba ta dawowa. Saboda haka tsarin aikin shi ne: a duba, a gane, a auna, sannan a yi lissafi. Wanki shi ne na ƙarshe, sau da yawa ma ba a yin sa.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayen zinariya, wanda ke nuna giram da lambobi biyu bayan ɗigo. Sikelin kicin ba zai yi ba. Kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da masu juya ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi, ke auna kauri da shi. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo. Mayen ƙarfe mai ƙarfi, zare, ƙaramin kofi, tsinken sakace, auduga, asiton tsantsa (ruwan sinadari mai narkar da fenti da gam), da ruwan batir. A kan ruwan batir a yi hattara, iri biyu ne: akwai tataccen ruwa zalla da ake ƙara wa batir, shi ake so, akwai kuma mai asid, wanda zai cinye kwabon ya ƙona hannu. Ka tambayi mai shago baki da baki. Ruwan famfo da na leda ba sa maye gurbinsa, domin suna ɗauke da gishiri-gishirin da ke ciyar da tsatsar gaba.

Kafin komai, ɗauki hoton kuɗin gaba da baya da gefe, a hasken rana. Riƙe shi ta gefe, kan tsumma mai laushi.

Karanta tsatsar

Launin tsatsa yana faɗin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Azurfa baƙi take yi ko ruwan toka mai duhu, saboda farar wuta da ke cikin iska, kuma wannan baƙin a sama yake kwance, bai cika cin zane ba. Jan ƙarfe da tagulla kore suke yi, ko ja mai duhu kamar ƙasa. Gorar ruwa farin gari take fitarwa, ta yi ramuka. Jar tsatsa irin ta ƙusa kuwa baƙin ƙarfe ne, kuma a cikin sulallan zamanin Turawa na ƙasar nan babu na baƙin ƙarfe. In ka ga haka, ko dai ya daɗe manne da gwangwanin da aka adana shi, ko jabu ne.

Koren shi ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin iri biyu ne kuma hukuncinsu ba ɗaya ba. Na farko kore ne mai duhu, mai santsi, mai tauri, ya bi jikin kwabon kamar fata; in ka taɓa da tsinke ba ya motsi. Wannan kariya ce, masu saye suna son sa, a bar kaza cikin gashinta. Na biyu kore ne mai haske, ɗigo-ɗigo, mai laushi kamar garin alli, tsinke na taɓa shi yake zubewa, a ƙarƙashinsa ka tarar da rami. Wannan ciwo ne mai rai. Gishirin kuloraid daga ƙasa ko daga gumin hannu ya shiga jikin ƙarfen. Duk lokacin da ya haɗu da laima da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da wani gishirin. Haka zai yi ta zagayawa har kwabon ya zama gari. A gari mai damina biyu kamar Kumasi ciwon yana sauri. Kwabon da ke da shi a ware shi daga sauran nan take, kada garin ya zuba a kansu.

Akwai kuma tsatsar ƙarya. Masu jabu kan shafa fenti ko su binne sabon zubi cikin gishiri da taki na 'yan makonni. Jiƙa auduga da asiton ka dangwala a gefe: tsatsar gaskiya ba ta narkewa, fenti da gam sukan biyo audugar. Tsatsar shekaru tana taruwa a lungunan haruffa, wuraren da suka taso kuma sun fi gogewa. In ka ga launi iri ɗaya ko'ina kamar an rina, yi shakka.

Gane ko wane ne

Yawancin abin da ake tsinta a nan kuɗin Afirka ta Yamma ne na mulkin Ingila, wanda Gold Coast (Ghana ta yau) da Nijeriya da Saliyo da Gambiya suka yi tarayya a kai. Anini da kwabo masu huda sun fara fitowa a 1907, sisin kwabo ya biyo baya a 1911. Aninin farko na gorar ruwa ne, yanayinmu ya cinye shi, sai a 1908 aka koma farin ƙarfe na gaurayen jan ƙarfe da nikel. Daga 1952 aka mayar da su tagulla ja. A jikinsu akwai tauraro mai tsini shida, da kambi, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. An kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, a 1913 ta fitar da taro, sisi, sule da fataka, wato sule biyu, na azurfa. Sule da fataka suna da bishiyar kwakwar manja a baya.

Shekara ita ce mabuɗin sulen. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000. Shekarar 1920 ta canji ce: akwai mai rabin azurfa, akwai na tagulla rawaya. Bayan 1920 babu sauran azurfa. Don haka sule fari fat mai ɗauke da 1925 ko 1936 an yi masa rufi ne. Duba wuraren da suka goge da gilashi, za ka ga rawaya na leƙowa. A shekarun 1920 da 1930 jabun sulen tagulla ya yi yawa ƙwarai a Gold Coast da Nijeriya, shi ya sa daga 1938 aka sauya gaurayen ƙarfen, aka kuma yi wa sule da fataka tsagi a tsakiyar gefe don ya gagari masu zubi. Ma'anar wannan ita ce, abin da ka tono daga ƙasa yana iya zama tsoho da gaske kuma jabu da gaske, jabun zamanin kakanni. Sulen 1940 da ba shi da tsagin nan abin tuhuma ne.

In tsatsa ta rufe shekarar, sunan sarki zai taimaka. EDWARD VII na 1907 zuwa 1910 ne, GEORGIVS V na 1911 zuwa 1936, EDWARDVS VIII na 1936 kaɗai, GEORGIVS VI daga 1937 zuwa 1952, sai Elizabeth. Haska fitilar waya daga gefe, kusan kwance da fuskar kwabon, kana juya shi a hankali. Inuwa takan fito da lambobin da ido bai gani ba a hasken kai-tsaye. Sai ka nemi ƙaramin harafin gidan bugu, a gindin bishiya a kan sule, kusa da huda a kan kwabo. H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria, wanda ba shi da harafi kuma na gidan bugun sarautar Ingila ne. Harafi ɗaya yana iya raba farashi nesa: sulen 1920 mai harafin G yana da wuyar samu. Shi ya sa ake liƙa haruffa ko a kankare su, don haka a duba kewayen harafin ko akwai alamar narki ko karce.

Kwabon Edward VIII yana yaudarar mutane da yawa. Sarkin bai cika shekara a gado ba, Ingila kanta ba ta saki kuɗinsa a kasuwa ba, sai a ɗauka na nan ma abin nema ne. Na Afirka ta Yamma an buga su da yawan gaske, kuma suna ko'ina.

Na bayan 'yancin kan Ghana suna da sauƙin ganewa. Na 1958 suna da kan Kwame Nkrumah da rubutun CIVITATIS GHANIENSIS CONDITOR, tauraro a baya. Taro zuwa fataka farin ƙarfe ne, ba azurfa a ciki. Sule goma na wannan shekarar shi ne na azurfa, giram 28.28. A 1965 aka shigo da sidi da pesuwa, a 1967 aka fitar da sababbi marasa hotonsa, masu ganguna da 'ya'yan koko.

Manyan azurfa biyu sun shigo ta hannun masu fatauci. Liyari, dalar Mariya Tariza ta Ostiriya, kowace tana ɗauke da 1780, domin da wannan shekarar aka ci gaba da buga ta a Biyana, Landan, Faris, Rum, Bombay da sauransu, har zuwa zamaninmu. Ganin 1780 ba ya nufin ta shekara ɗari biyu. Ɗayar ita ce dalar Faransa ta faran biyar. Wanda ya fi su duka wuyar samu shi ne ackey, kuɗin azurfa da kamfanin 'yan kasuwar Ingila ya buga wa Gold Coast a 1796 da 1818, mai rubutun FREE TRADE TO AFRICA. In ka ga wannan, tsaya cak, kada ka taɓa shi da komai sai masani ya gani. A tuna kuma cewa masarautar Asante da garin zinariya da ma'aunan tagulla ta yi ciniki. Duk wanda ya kawo maka bugaggen sule ya ce na Asante ne na zamanin da, labari ya kawo.

Awo

Fara da mayen ƙarfe. Azurfa, zinariya, tagulla da farin ƙarfen kwabo duk ba sa mannewa. Wanda ya manne ya faɗi. Wanda bai manne ba bai ci ba tukuna, domin dalma da tutiya ma ba sa mannewa.

Sai nauyi da faɗi. Sulen azurfa giram 5.66 ne, faɗinsa kusan milimita 23.6. Fataka giram 11.31, milimita 28.5. Liyari giram 28.07, faɗi tsakanin milimita 39 da 41. Dalar Faransa giram 25, milimita 37. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98, milimita 22. Yawo a hannu yana rage nauyi kaɗan, sulen da ya sha jiki zai iya sauka zuwa 5.4. Ɓawon tsatsa da ƙasa kuma kan ƙara kaɗan. Amma sule mai zane raɗau da ya auna 4.9 ba tsufa ne ya rage shi ba.

Gwajin da ya fi kowanne ƙarfi ba tare da an ji wa kuɗin ciwo ba shi ne awon ruwa. Auna shi a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifili. Ɗaure sulen da siririn zare, ka nutsar da shi gaba ɗaya yana lilo, bai taɓa gindin kofi ko gefe ba, kuma babu kumfar iska a jikinsa. Rubuta abin da sikeli ya nuna. Raba na farko da na biyu. Misali, 5.60 a bushe da 0.54 a ruwa ya ba da 10.4, azurfa ce. In 0.65 ya nuna, amsar 8.6 ce, tagulla. Abin tunawa: azurfa mai 925 tana wajen 10.3 zuwa 10.4, liyari wajen 10.2, mai rabin azurfa wajen 9.6, jan ƙarfe da farin ƙarfen kwabo wajen 8.9, tagulla rawaya 8.4 zuwa 8.7, dalma 11.3, zinariyar karat 22 sama da 17. Kuskuren da aka fi yi shi ne zare mai kauri, ko iskar fanka tana kaɗa sikeli. A kan ƙaramin sule, bambancin 0.01 kaɗai yana motsa amsa da kusan 0.2, don haka a maimaita sau uku. Ɓawon tsatsa mai kauri yana jawo amsar ƙasa. Wayon masu jabu shi ne gauraya dalma da kuza har nauyin ya yi kusa da na azurfa. Irin wannan kunne ke kama shi. Ɗora shi kan yatsa ka ƙwanƙwasa gefensa a hankali da fensir. Azurfa tana amo mai tsawo, dalma "kaf" take yi ta mutu. Kada a jefa shi kan siminti, kuma a sani cewa na gaske mai tsagewa ko mai tsatsa da yawa shi ma amonsa kan dushe.

Daga nan sai gilashi. Kuɗin gaske bugawa aka yi da ƙarfi tsakanin hatimai biyu, jabu kuwa yawanci zubi ne. Zubi yana barin ƙananan ramuka zagayayyu kamar na ƙosai, da ƙuraje a fili tsakanin haruffa, haruffan kuma gefensu ya kumbura ba kaifi. Ramin tsatsa daban yake: bakinsa ba daidai ba, kuma da launin tsatsar a cikinsa. Gefe shi ne inda mai zubi ya fi kasawa. Nemi layin haɗin gida biyu, ko alamar zarto inda aka goge shi. Liyari na gaske yana da rubutun IUSTITIA ET CLEMENTIA a gefensa. Riƙe kuɗin kai a sama ka juya shi hagu zuwa dama: na Afirka ta Yamma da liyari bayansu a tsaye yake fitowa, dalar Faransa kuwa a kife.

Maƙerin fari zai ce a kawo ya karce gefe ya ɗiga asid. Ga abin da za a narka, babu laifi. Ga wanda ake sa ran mai tarawa zai saya, kada a yarda, tabon ba ya fita. Wasu manyan masu sayen zinariya suna da na'urar haske da ke karanta ƙarfe ba tare da karce ba, ta fi, sai dai fatar sama take karantawa, rufi mai kauri yana iya ruɗa ta. A haɗa ta da awon ruwa.

Lissafin daraja

Daraja hawa biyu ce. Ta ƙasa ita ce ta ƙarfe. Sulen 1913 zuwa 1919 yana da azurfa zalla giram 5.2, fataka 10.5, dalar Faransa 22.5, liyari 23.4. Duba farashin oza ɗaya na azurfa na ranar, raba da 31.1 ka sami na giram, ninka da giram ɗin, ka mayar sidi. Maƙeri ba zai biya cikakken wannan ba, sai ya cire ribarsa, amma ka san inda ciniki ya fara. Kwabo, anini da sulen tagulla ba su da wannan hawa, ƙarfensu bai taka kara ya karya ba.

Ta sama ita ce ta masu tarawa, kuma abu uku ke tsayar da ita: yawan da aka buga a wannan shekara da wannan harafi, lafiyar jikin, da yawan masu nema. Tsufa shi kaɗai ba ya cikin ukun. Shafin intanet na tsabar kuɗi mai suna Numista zai ba ka nauyi, faɗi da adadin bugu. A kasuwar intanet ta eBay kada ka dubi farashin da mutane suka sa, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Tace ka ga waɗanda aka riga aka sayar, ka kwatanta da mai irin lalacewar naka, ba da sabo dal ba. A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya: kwabo mai huda na shekarar da aka buga da yawa, wanda tsatsa ta yi wa ramuka, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS suna ba da maki daga 1 zuwa 70, amma wanda ya yi tsatsa ko aka goge ba sa ba shi maki, sai su rubuta aibinsa. Aika musu sai ga abu irin ackey, in ba haka ba kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Liyarin da aka huda ko aka liƙa wa kunne don abin wuya yakan koma farashin azurfarsa.

Tauraron nan mai tsini shida ya sa ana yawo da maganar cewa kwabon na da sirri, yana jan shinkafa ko allura, wai akwai Baturen da zai biya miliyoyi. Zane ne da gidan bugu ya sa a kan miliyoyin kwabbai. Damfarar takan zo da mutum biyu: ɗaya ya zo neman saye da tsada, ɗaya ya ɓullo da na sayarwa, kana saye duka su ɓace. Ko kuma a nemi ka biya kuɗin gwaji ko na rajista. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi daga mai sayarwa.

In ya zama dole a taɓa shi

Ƙasa da laka: jiƙa cikin tataccen ruwa, ana canza shi kullum, kwana uku zuwa mako biyu, ana ɗaga abin da ya yi laushi da tsinken sakace. Maiƙo, gam da danƙon leda: minti biyar zuwa goma cikin asiton, a kofin gilashi, a wuri mai iska, nesa da wuta. Ruwan goge farce ba zai yi ba, da mai da turare a cikinsa. Baƙin azurfa a bar shi. Lemo, tsamiya, ruwan kal, kanwa, soson ƙarfe da man goge baki duk suna cin fata ko su karce ta. Man zaitun da ake yawan faɗa yana da ɗan asid, yana duhunta kwabo, kuma yana rufe ciwon a ciki.

Koren gari shi kaɗai ne ke wajabta magani. A cire garin da tsinke ƙarƙashin gilashi har a kai ga tauri. A haɗa giram 10 na bekin soda da giram 10 na sodiyam kabonet a lita ɗaya ta tataccen ruwa. Kabonet ɗin ana samun sa ta gasa bekin soda a tanda a zafin digiri 200 na awa ɗaya. Kada a kuskura a ɗauko sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, wannan wata aba ce daban, tana ƙona fata. A nutsar da kwabon, a canza ruwan duk mako. Zai riƙa yin shuɗi-shuɗi, alamar gishirin na fita. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, kuma yana iya sauya launin fatar, shi ya sa ba a yi wa mai tsada sai ta hannun masani. Bayan nan a ɗauraye da tataccen ruwa sau da yawa, a tsoma a asiton don ya kori laima, a shanya. A jira wata guda ana dubawa. In sabon ɗigo ya fito, a maimaita. Shafa kakin zuma ko man gashi kafin ciwon ya mutu kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki.

Wajen ajiya, kowane a gidansa daban, cikin kwalba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, ana sauya su farkon kowace damina. Leda mai laushi mai warin sabon labulen wanka tana fitar da danƙo kore, robar ɗaure kuɗi kuma tana baƙanta azurfa. Wanda yake son fitar da tsohon abu irin ackey ko tarin da aka tono daga ƙasa zuwa waje, dokar gidan tarihi ta 1969 ta ce sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana. In tukunya guda aka tono cike da sulalla, kada a rarraba su ko a wanke tukunyar: a rubuta wurin da zurfin ramin, a ɗauki hoto yadda aka same su, domin shekarar da ta fi kowace kusa a cikinsu ita ke nuna cewa ba a binne su kafin wannan shekarar ba.